Kular Mai Ta Toshe: Yadda A Ke Canja Ta, Da Abin Da Ke Toshe Ta

 A wannan fitowa za mu yi magana a kan motar a-kori-kura mai shan gas, watau dizal. A Kutama da sauran ƙauyukan Gwarzo da Kabo, mota guda ta kan yi wa jama'a da yawa hidima. Ita ce ke kawo taki da bazara, ita ke kai hatsi kasuwar Getso ko Dawanau da kaka, ita ce kuma ke kai mai naƙuda asibitin Gwarzo da tsakar dare. In injinta ya buga, baikon kaka na shekara guda ba lalle ya isa sayen wani ba.

Abin da ya same mu

Tamu motar Toyota Hilux ce, tsohuwa. Bayan girbi sai direba ya lura allurar zafi tana hawa in an yi lodi, fitilar mai kuma tana ƙyaftawa in mota ta tsaya bayan doguwar tafiya. Ya riƙa ƙara ruwa duk inda ya samu, rijiya ko kududdufi. Wata safiya da muka buɗe lagireto, sai ga ruwan ya yi kauri kamar kunun gyaɗa. Bakanike na fari ya ce gasket ɗin tof silinda ne ya ƙone, a sauke kan inji. Wani dattijon bakanike ya ce a fara duba kular mai tukuna. Shi ya yi gaskiya, ya kuwa tsirar mana da kuɗi masu yawa.

Mece ce kular mai?

Kanikawa suna ce mata oyil kula. Baƙin mai yana da aiki biyu a cikin inji: yana hana ƙarfe cin ƙarfe, yana kuma kwashe zafi daga fistan da metal. Injin gas ya fi na fetur matsa iska, saboda haka mansa ya fi shan zafi. Mai yana aikinsa daidai a wajen digiri 90 zuwa 110. In ya zarce 120 ya daɗe a can, sai ya tsinke kamar ruwa, ƙarfinsa ya ragu.

Domin haka aka sa kula. Faifai ne na ƙarfe sirara, an jera su bisa juna. Mai yana bi ta cikinsu, ruwan lagireto yana kewaya su ta waje, ruwan ya ɗauke zafin man ba tare da sun gauraya ba. A injunan Toyota irin 2L da 3L da 5L, kular tana cikin wani murfi a gefen inji. Hanyoyin da ke tsakanin faifan nan ƙanana ne ƙwarai, abu kaɗan ke toshe su.

Abin da ke toshe ta

Na fari shi ne ruwa. Ku dubi cikin tsohuwar butar shayi, za ku ga farin ɓawo ya manne a gindinta. Haka ruwan rijiya da na burtsatse ke yi a cikin inji in ya sha zafi. Ruwan kududdufi da na madatsa kuwa yana zuwa da laka. Ruwa tsagwaronsa kuma yana sa tsatsa. Ɓawo da laka da tsatsa su kan taru a inda hanya ta fi ƙunci. Ruwa ya kasa ratsawa, mai ya kasa hucewa. In an daɗe a haka sai tsatsa ta huda faifan.

Na biyu shi ne jinkirin juye. Mai in ya tsufa, ya sha ƙurar hunturu da baƙin hayaƙin gas, ya kan zama kamar kwalta, ya toshe kular ta ciki.

Na uku shi ne gam ɗin da a ke shafa wa gasket. In ya yi yawa, ɓarɓashinsa na faɗawa cikin hanyar mai da ta ruwa.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. A Amurka, injin gas mai lita 6.0 da kamfanin Ford ya sa a manyan a-kori-kurarsa daga 2003 zuwa 2007 ya yi suna wajen toshewar kular mai, gama ƙazanta kaɗan a cikin ruwa ta isa ta cike ƙananan hanyoyinta. To, in haka ta faru inda a ke zuba tataccen ruwa, ina ga motar da ke shan ruwan kududdufi?

Yadda za a gane

In kula ta toshe kawai, mota za ta riƙa zafi da lodi, fitilar mai ta kama in inji ya yi zafi. In ta huje, za a ga mai a lagireto, domin sa'ad da inji ke aiki ƙarfin turin mai ya fi na ruwa. Bayan an kashe inji ruwa na iya komawa cikin mai, sai a ga ma'aunin mai ya yi fari-fari kamar madara.

Gasket ɗin tof silinda yana da nasa alamu. Da inji a sanyaye, a buɗe murfin lagireto a ta da mota. In ruwa yana ta kumfa ba fasawa, ko farin hayaƙi na fita ta salansa, ko inji yana rawa, a zargi gasket. In babu waɗannan amma ga mai a ruwa, a fara da kula. Kada a taɓa buɗe lagireto yana da zafi, gama tururinsa na saɓule fata.

Yadda a ke canja ta

1. A bar mota ta kwana ta huce. A ajiye ta a wuri mai tsabta inda iska ba ta kwaso rairayi. A cire wayar batir.

2. A tsiyaye ruwa duka, na lagireto da na cikin inji. A juye mai, a cire filta.

3. A wanke gefen injin kafin a buɗe. A kwance duk abin da ya tare hanya. Notinan murfin ba lalle tsawonsu ya zama ɗaya ba, saboda haka a zana siffar murfin a kwali, a soka kowane noti a gurbinsa.

4. A cire murfin da kular. A kankare tsohon gasket a hankali, kada a yi wa fuskar ƙarfen rauni. A toshe ramukan mai da tsumma mai tsabta, a ƙidaya tsummokin domin kada a manta da ɗaya a ciki.

5. A tafi da tsohuwar kular wurin saye, ko Kofar Ruwa a Kano ko wani wuri, domin a gwada ta da sabuwar. In ta hannu za a saya, a toshe rami ɗaya, a hura iska da famfon taya ta ɗayan, a tsoma ta cikin bokitin ruwa. In kumfa ya taso, hujajjiya ce.

6. A sa sabon gasket da sababbin zoben roba. Kada a mai da tsofaffin ko da sun yi kyau a ido. A zuba mai kaɗan cikin sabuwar kular kafin a ɗaura.

7. A ɗaure notina kaɗan-kaɗan, daga tsakiya zuwa waje, gefe da gefe. Murfin gorar ruwa ne, ɗaurin ƙarfi na tsaga shi. In akwai sifanar awo, a bi adadin da littafin motar ya faɗa.

8. A sa sabuwar filta da sabon mai, a cika ruwa. A ta da inji. In fitilar mai ba ta mutu cikin daƙiƙa goma ba, a kashe nan da nan a bincika.

Aikin da a kan manta

Wanda ya sa sabuwar kula bai wanke hanyar ruwa ba, ya zuba kuɗinsa a rijiya, gama dattin da ya toshe ta farko yana nan yana jiran ta biyu. A cika lagireto da ruwa mai tsabta da ɗan sabulun wanki, a bar inji ya yi ɗumi, a kashe, ya huce, a tsiyaye. A maimaita da ruwa zalla har ya fito garau, ba maiƙo ba kumfa. Mu sau biyar muka yi. Kada a zuba ruwan batir mai guba ko sodar sabulu, suna cin gorar ruwa. Tiyon da mai ya sa ya kumbura ya yi laushi, a canja shi. In ruwa ya shiga mai, a sake juye bayan tafiyar kwana kaɗan.

Tsohon mai kada a zubar kusa da rijiya ko lambu. Ruwan lagireto mai launi kuwa yana da zaƙi amma guba ne. A ɓoye shi daga yara da awaki da karnuka.

Rigakafi

A tari ruwan sama, bayan ruwan fari ya wanke kwano, a tace shi da kyalle, a ajiye a jarka mai murfi. A haɗa shi da ruwan lagireto mai launi da a ke sayarwa, wanda ke hana tsatsa. Jarka guda ta zauna a bayan mota kullum, domin kada direba ya matsu ya ɗebi na hanya. A sabunta ruwan duka kowace shekara biyu. A yi juye kowace kilomita 5,000, tare da filta. Kada a yarda a cire tamostat wai domin mota ta daina zafi. Wannan ɓoye ciwo ne, ba magani ba.

Muna roƙon kowace ikilisiya ko ƙungiyar manoma mai mota ta sayi ɗan littafi, a ajiye shi a cikin motar. A rubuta ranar juye, da kilomita, da ranar da aka canja ruwa. Dattijo guda ya riƙa duba shi kowane wata. Direba kuma a ba shi izini ya tsaya in allura ta hau, ko da ana sauri, kada a yi masa faɗa.

Motar nan amana ce. Da gumin 'yan'uwa aka saye ta, har da kwanon dawar gwauruwa. Kulawa da ita sashe ne na wakilcin da Ubangiji ya danƙa mana. Wanda ke da tambaya ya aiko mana da wasiƙa, za mu amsa a fitowa ta gaba. Ubangiji ya kiyaye hanya, ya sa albarka ga aikin hannuwanku.