Kifi 500 da buhu uku: darasin da na koya daga Rabah, Maraɗi da Haiti

Yau labarin asarata zan ba ku, don kada wani ya faɗa ramin da na faɗa.

Ni mutumin Ƙaura Namoda ne. Gonarmu ta gado tana kan hanyar Zurmi, kuma shekaru ke nan ba mu iya nomanta yadda muka saba. Duk wanda ke Ƙaura, Shinkafi ko Zurmi ya san dalili, ba sai na tsaya bayani ba. Da gona ta yi wuyar zuwa, sai hankalin da yawa daga cikinmu ya koma kan abin da za a iya yi cikin gida, bayan katanga: kaji, awaki, sai kuma kifi.

A damina ta 2022 wata ƙungiya ta zo da tallafi, sunana ya fito. Aka ba ni tamfol guda, 'ya'yan tarwaɗa 500 masu tsawon yatsa, da buhu uku na abinci, kowane kilo 15. Aka yi mana bita ta yini ɗaya, aka ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. Wallahi a ranar na riga na gama kashe kuɗin kifin a zuciyata. Na ce kuɗin makarantar 'yata ta fari ya samu, har da kekenta.

Kafin wata biyu ya cika, buhu na uku ya ƙare. Kifayen sun fara girma, cinsu ya ninka, ni kuma aljihu babu komai. Na koma zuba musu dusa da ragowar tuwo. Ruwan ya fara wari, ga ruwa sai na saya daga 'yan garuwa, don haka sai in yi kwana biyar ban canza ba. Ban san ana ware manya daga ƙanana ba, ashe manyan cinye ƙananan suke yi cikin dare. Ranar da na kwashe, ko 200 ba su cika ba, yawancinsu kuma ba su wuce tafin hannu ba. Abin da na samu bai biya bashin ruwan da na ci ba. 'Yata ta zauna gida zango guda cur. Wannan shi ne abin da ya fi yi mini ciwo, ba kifin ba.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan waɗanda suka ba ni. Daga baya na zauna da biro na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko. Idan abinci mai kyau ne, tarwaɗa tana cin kilo ɗaya da ɗan ɗoriya kafin ta ƙara kilo ɗaya a jikinta. Ke nan kifi 500, in ana so kowane ya kai kilo, suna bukatar buhu wajen 35. Ni buhu uku aka ba ni. Sauran talatin da biyun a wuyana suke tun ranar da na karɓi kifin, ban sani ba.

Abin da gwaggona ta faɗa mini

Bayan sallah na je gaida gwaggona da ke aure a Rabah, jihar Sakkwato. Na ba ta labari ina ta ƙorafi. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce: "Ɗana, kifin da anka ba ka baƙo ne. Wanda ya karɓi baƙo bai aje hatsi ba, wa zai zarga? Mu nan sai da munka koyi aje kuɗi kafin a yi maganar sana'a."

Ashe tana cikin wata ƙungiyar mata ta ajiya da rance, irin waɗanda aka kafa lokacin wani shiri da ƙungiyar agaji ta Catholic Relief Services, wato CRS, ta gudanar a jihohin Sakkwato da Kebbi da yankin Abuja daga 2013 zuwa 2018, da kuɗin gwamnatin Amurka. CRS ƙungiya ce ta ɗarikar Katolika, limaman cocin na Amurka suka kafa ta a 1943. Matan da ke ƙungiyar gwaggona kuwa duk Musulmi ne. Shirin ya haɗa noma, ciyar da yara, tallafin kuɗi ga gidaje mafiya rauni, da wannan tsari na ajiya da suke kira SILC.

Yadda yake aiki ba wuya. Mutum goma sha biyar zuwa talatin da suka san juna su riƙa haɗuwa duk mako, kowa ya zuba abin da ya sawwaƙa, a rubuta a gaban kowa. Mai bukata ya ranta daga cikin kuɗin ya biya cikin 'yan watanni. Akwai ƙaramin asusu daban na rashin lafiya da rasuwa. Shekara na zagayowa a raba, kowa ya ɗauki nasa, a sake sabon zubi. Bambancinsa da adashin da muka sani shi ne ba sai ka jira kwasarka ta zo ba. Ranar da bukata ta taso, ranar kake ranta. Ga mai kifi wannan ba ƙaramin abu ba ne, don tarwaɗa ba ta san layin adashi ba.

Abin da ya ƙara ba ni mamaki shi ne, wannan dabarar a ƙasar Hausa aka reno ta. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara irin wannan tsari da matan yankin Maraɗi a Nijar, da suna Mata Masu Dubara, an gina shi a kan adashin da iyayenmu mata suka saba. Daga can ya bazu duniya, ƙungiyoyi irin su CRS suka yi nasu samfurin. Shirin na Sakkwato ya ƙare tun 2018, amma su gwaggo ba su daina zubi ba.

Me ya kai ni Haiti?

Da na dawo gida na shiga bincike a waya kan ayyukan wannan ƙungiya, sai na yi ta cin karo da sunan Haiti, inda CRS take aiki tun 1954. Ƙasa ce a tsibiri cikin tekun Karibiyan, kusa da Kuba. Mutanenta baƙaƙen fata ne, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, suka kori Faransa suka kafa ƙasarsu a 1804. Girgizar ƙasar 12 ga Janairun 2010 ta rushe babban birninsu. An kashe shugaban ƙasarsu a gidansa a Yulin 2021, kuma 'yan daba masu bindiga sun tare hanyoyi har manomi ba ya iya kai kaya kasuwa. Ina karantawa ina jin kamar labarin hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi ake ba ni. Har adashi suna da shi, suna ce masa "sol".

Yawancin makarantun Haiti ba na gwamnati ba ne, da yawa coci ke riƙe da su, kuma iyaye ne ke biya. Shi ya sa masu agaji a can suke haɗa maganar kiwo da maganar makaranta wuri ɗaya. Akwai ƙungiyar Food For The Poor, wadda wani ɗan kasuwa ɗan Katolika daga Jamaika mai suna Ferdinand Mahfood ya kafa a 1982. Ta gina makarantu da gidaje a Haiti, ta kuma haƙa tafkunan kiwon karfasa don al'umma su ci su sayar.

Abubuwa biyu daga can suka zauna mini a rai.

Na farko labarin asara ne. A da, bankin talakan Haiti wani ɗan ƙaramin alade ne na gida, kamar yadda akuya take a wurinmu: yana cin abin da ya samu, in kuɗin makaranta ya taso a sayar. Cuta ta shigo, a farkon shekarun 1980 aka kashe su kusan kaf. Aka kawo wasu manya daga Amurka a madadinsu, amma su sai ɗaki mai daɓen siminti, ruwa mai tsabta da abincin saye. Talaka ya kasa riƙe su, yara da yawa suka bar makaranta. Niyya mai kyau ce, amma kyautar ta fi ƙarfin mai karɓa. Na ce wannan ai ni ne da kifina 500.

Na biyu labarin nasara ne. Wani masanin kifi ɗan ƙasar Kwaddibuwa, Dakta Valentin Abe, ya kafa Caribbean Harvest a Haiti. Ba ƙungiyar coci ba ce, amma tsarinsa ya fi kowane koya mini. Yana ƙyanƙyasar karfasa, ya ba iyalan da ke bakin tafkin Azuei keji na cikin ruwa da 'ya'yan kifi, tare da abincin da zai kai su har girbi, sannan a taimaka musu da kasuwa. A 2010 mujallar Time ta sa shi cikin mutum ɗari mafiya tasiri a duniya. Ku lura: abinci har girbi, da kasuwa. Su ne abubuwa biyun da ba su cikin tallafin da na karɓa, ni kuma ban tambaya ba.

Yadda muka sake tashi

Na tara abokai goma sha huɗu a unguwarmu, ni na sha biyar. Akwai malamin firamare, akwai mai faci, akwai zawarawa biyu da suka yi gudun hijira daga ƙauyukan Zurmi. Muka fara zubi duk Juma'a bayan la'asar. Mun yarda babu ruwa a rancenmu, abin da ka ranta shi za ka biya. Wata shida muna zubi ba wanda ya sayi kifi ko ɗaya. Wasu suka yi ta mana dariya, wai masu kiwon littafi.

Da muka fara, kifi 200 kawai na zuba. Ga ƙa'idojin da muka ɗora wa kanmu, duk wanda ya ga za su yi masa amfani ya ɗauka:

1. Lissafin abinci kafin sayen kifi. Kifi 200 zuwa kilo ɗaya suna cin buhu wajen 15. In ba ka da rabin wannan a hannu da hanyar samun sauran, rage yawan kifin. Abinci shi ke cinye kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin kiwo.

2. Ruwa kafin tamfol. A yankinmu daga Maris zuwa Mayu rijiyoyi na ja baya. Wanda ba shi da rijiya ko burtsatse kusa, kada ya zuba kifin da zai kai bazara. Muna canza ruwa duk kwana biyu zuwa uku, tsohon ruwan kuma mu ba alayyafo da tumatir a bayan gida.

3. Warewa duk mako biyu a watanni biyun farko. Manya gefe, ƙanana gefe. Wannan kaɗai ya tsayar mini da mutuwar da ban san dalilinta ba.

4. A kula da hunturu. A Disamba da Janairu ruwa na sanyi, kifi ya rage ci. Wanda ya ci gaba da zuba abinci kamar da, kuɗinsa yake ruɓarwa a ƙasan tamfol.

5. A daidaita girbi da buɗe makaranta. Ina zubawa a farkon Yuni, lokacin da ruwa ya sauka, in kwashe a Satumba. Wata uku zuwa huɗu ya isa kifin banda, ba sai ya kai kilo ba.

6. Banda ita ce mafitarmu. Ɗanyen kifi ba ya jira. Mun ga yadda aka rufe kasuwannin mako da layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021. Ko yanzu akwai Alhamis ɗin da mota ba ta iya zuwa kasuwar Shinkafi. Kyafaffen kifi da ya bushe sosai zai jira ka har hanya ta buɗe.

7. Kason gida. Daga kowane girbi ana ware na tukunya kafin na kasuwa. Ba wasa ba ne wannan. A watan Yunin 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF tare da ma'aikatar lafiya sun auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da dubu casa'in a Shinkafi da Zurmi, suka samu fiye da ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. Mai kifi a bayan ɗaki bai kamata ɗansa ya shiga wannan lissafin ba.

Ba zan ce muku na yi kuɗi ba. Akwai zagayen da abinci ya yi tsada har ribar ta kusa ɓacewa, akwai wanda a cikinmu ya jinkirta biyan rance har sai da dattawa suka sa baki. Amma tun daga lokacin 'yata ba ta sake zama gida saboda kuɗin makaranta ba. Sau biyu abinci na yanke mini a tsakiyar kiwo, sau biyun asusun Juma'a ne ya cece ni, na biya bayan girbi.

In tallafi ya zo garinku

Ban ce a ƙi karɓa ba. Ko daga gwamnati ne, ko masallaci, ko coci, ko wani mai hali, a karɓa a gode. Amma kafin ka sa hannu ka yi tambaya uku: buhu nawa kifin nan zai ci har girbi, kuma nawa ne a wuyana? Wa zan kira in kifi ya fara shawagi a saman ruwa bayan kun tafi? Wa zai saya? In amsar ba ta gamsar da kai ba, ka roƙi a rage maka kifin a ƙara maka abinci. Da an ba ni kifi 100 da buhu bakwai, da labarina ya bambanta.

Masu bayarwa kuma, don Allah ku duba abin da ya ɗore a Rabah shekaru bayan masu shirin sun naɗe tabarmarsu: littafin zubi da mutanen da suka amince da juna. Tamfol ɗina na farko tuni rana ta cinye shi.

Wanda ke Ƙaura, Shinkafi, Zurmi ko maƙwabta, ya nemi mutum goma da ya yarda da su, ku fara zubi wannan makon ko da kaɗan ne. Kifin ya biyo baya. Wanda kuma ya taɓa karɓar irin wannan tallafi, ya ba mu labarin yadda ta kaya, mu ƙaru da juna.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya mu koma gonakinmu, Ya sa albarka a abin da muke kiwo. Amin.