A San Halin Mai Laifi Kafin a Yanke Masa Horo

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili kaɗan in kai kukan mutanen Jangeru, ƙasar Shinkafi.

Jama'a, tabbatar da laifi daban, auna horo daban. Ga mutum biyu sun fasa rumbu sun ɗebi gero. Ɗaya sana'arsa ke nan, ɗayan kuwa 'yan bindiga suka raba shi da gonarsa, 'ya'yansa suka kwana da yunwa. To, alƙalin da ke zaune Shinkafi, ko Zurmi, ko Ƙauran Namoda, ina zai san wannan in ba a gaya masa ba?

A Ingila, dokar 1907 ta ba kotuna ikon naɗa ma'aikata masu lura da masu laifi. Yau su ke rubuta wa alƙali takardar halin mutum, da iyalinsa, da laifofinsa na baya, kafin ya yanke. Nan ma dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta kafa sashen horo ba tare da ɗauri ba. Mu kuwa da Zamfara ta ɗauki shari'a a 2000, abin ba baƙo ba ne, gama Sayyidina Umar ya dakatar da yanke hannu a shekarar yunwa.

Saboda haka muna roƙon hukuma ta riƙa aiko amintacce ya tambayi mai unguwa, da liman, da wanda aka cuta. Amma a karanta takardar gaban mai laifin, don kada maƙiyi ya sami ƙofa.

Haza wassalam.

Mai karatunku, Jangeru.