Zogale da Kuka a Cikin Gida: Kowanne da Irin Renonsa

A karkarar Magarya da Dungas, idan bazara ta yi tsanani, ɗanyen ganye yakan yi wuya. Yara da mata masu ciki su ne suka fi jin wannan rashi a jikinsu. Shi ya sa muke son kowane gida ya reni itacen ganye a tsakar gida. Zogale da kuka duk sun dace. Amma kada mu yi musu reno iri ɗaya.

Zogale asalinsa daga Indiya ne, kuma mai gaggawa ne. Ƙwayarsa tana tsira cikin mako 1 zuwa 2. Bayan wata 3 muna iya fara tsinkar ganye. Yana son rana, yana son ƙasa mai yashi irin ta jigawa. Abin da ba ya so shi ne ruwa ya kwanta a gindinsa, don saiwarsa ruɓewa take yi. Da yawa daga cikinmu nan muke kashe shi, wai muna kyautata masa. Mu ba shi ruwa kaɗan kullum yana ƙarami. In ya kafu, sau 2 a mako ya isa.

Zogale yana son wuƙa. In ya kai mita 1, mu datse kansa don ya yi rassa. In muka ƙyale shi, sai ya miƙe siriri, ganyen ya fi ƙarfin hannu, iska kuma ta karya shi.

Ita kuka wahalarta a farko take. Ɓawon ƙwayarta yana da tauri. Sai mu kankare shi kaɗan, ko mu jiƙa ƙwayar a ruwan zafi ta kwana, kafin shuka. Girmanta a hankali ne, amma tana ajiye ruwa a jikinta, ƙishirwa ba ta saurin kashe ta. Babbar kuka tana zubar da ganye da rani. Ƙarama kuwa, in ana ba ta ruwa ana datse ta, takan ci gaba da toho. In za mu bar ta ta girma, kada mu shuka ta jikin bango ko bakin rijiya.

Akuya ba ta bambanta su. Kowanne mu kewaye shi da ƙaya ko darni tun ranar shuka.

Ganyen da ya yi saura mu shanya shi a inuwa. Rana tana rage masa bitamin A, wanda ke taimaka wa idon yara.