Hannu da Suna: Tsokaci a Kan Koyo ta Hanyar Aikin Jinga a Fannonin Zane, Zayyana da Harshe a Zariya

1.0 Gabatarwa

A karatun jami'a akwai ilimin da ake samu a zaune, malami na bayani ɗalibi na rubutawa. Akwai kuma wanda ba ya samuwa sai an ɗora wa ɗalibi aiki, an ce ya je ya yi da hannunsa ya kawo. Wannan na biyu shi ne aikin jinga, tun daga ƙaramin aikin mako biyu har zuwa kundin kammala digiri. Wannan maƙala ta dubi irin ilimin da ɗalibi kan samu ta wannan hanya a fannonin zane da zayyana da harshe, ta kuma ɗauki Samaru da Sabon Garin Zariya a matsayin fagen nazari. Abin da take son nunawa shi ne, aikin zane ko na zayyana da za a yi a ƙasar Hausa ba ya kammala sai ya ratsa ta cikin harshe, domin kowace siffa da kowane launi suna da sunan da masu sana'a suka raɗa musu. Haka nan aikin harshe a kan wata sana'a ba ya nuna sai mai binciken ya taɓa kayan aikin da yake tattara sunayensu.

2.0 Gadon da Samaru ta Tarar

Tun kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 ake koyar da zane a Samaru. An fara sashen ne a reshen Ibadan na Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Nijeriya, sannan aka dawo da shi Zariya a 1955. Manhajar ta Ingila ce, galibin malaman ma daga can suke. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Simon Okeke, suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya, wadda daga baya aka riƙa yi wa laƙabi da 'Yan Tawayen Zariya. A 1960 Uche Okeke ya bayyana aƙidarsu da sunan Natural Synthesis, wato a karɓi dabarun zamani da aka koya a aji, a gwama su da fasahar da aka gada a gida. Ƙungiyar ba ta wuce 1961 ba, amma tasirinta ya bi ɗaliban zuwa duk makarantun da suka je suka koyar.

Abin lura a nan shi ne yadda suka aiwatar da aƙidar. Sun ba kansu jinga: kowa ya koma ga al'ummarsa ya nemo siffofi da tatsuniyoyi. Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, Onobrakpeya kuma ya ɗebo daga labaran Urhobo. Da yake yawancinsu daga kudu suka fito, gadon garuruwansu shi ya fi shahara a ayyukansu, ko da yake sun zana rayuwar Arewa da suka gani. Fasahar Hausa ta samu cikakken nazari ne a hannun David Heathcote, wanda ya koyar da tarihin zane a jami'ar a shekarun 1960 da 1970, ya yi bincike mai zurfi a kan ɗinkin rigunan Hausa, ya kuma shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976.

A ɓangaren wasan kwaikwayo ma an bi wannan tafarki. Dandalin wasa na laka da Steven Ehrlich, wani masanin gine-gine ɗan Amurka, ya tsara a tsakiyar shekarun 1970 an gina shi ne da tubali da hannun magina na gargajiya. Daga nan Michael Etherton da Brian Crow da Salihu Bappa da Oga Steve Abah suka riƙa fitar da ɗalibai zuwa ƙauyuka irin su Soba da Maska da Bomo, da kuma cikin Samaru kanta, su tattauna da mutane su mayar da matsalolinsu wasa. Ɗalibin da bai iya Hausa ba yakan gane tun ranar farko cewa harshen shi ne rabin aikin.

3.0 Launi da Sunansa

A ajin zayyana ana fara koya wa ɗalibi da'irar launuka: ja da rawaya da shuɗi su ne tushe, daga haɗa su ake samun sauran. Tsari ne mai kyau ga mai dama fenti. Sai dai idan aka ba ɗalibi jingar ya haɗa jadawalin launuka da sunayensu na Hausa, nan da nan zai ga cewa Bahaushe ba ta wannan ƙofa ya shiga ba. Launuka kaɗan ne ke da sunan kansu, kamar fari da baƙi da ja da shuɗi da kore. Da yawa daga cikin sauran an jingina su ne ga wani abu da ido ya saba gani: ruwan ɗorawa, ruwan toka, ruwan goro, ruwan ƙasa, ruwan hoda, ruwan makuba. Ɗalibin da ya tashi a gidan bulo da siminti yana iya rubuta "ruwan makuba" daidai a jarrabawa, alhali bai taɓa ganin bangon da aka shafe da makuba ba, bai kuma san daga ɓawon ɗorawa ake samun ta ba. Da zarar an ce ya dama launin a kan takarda, sai ya nemi bangon ko ya nemi maginin da zai nuna masa.

A marina lamarin ya fi haka zurfi. Marini yana haɗa baba da toka da katsi a karofi, ya bar su su nuna. Idan ya tsoma zane ya fito da shi, da fari yakan yi kore-kore, sai iska ta buge shi ya rikiɗe ya koma shuɗi a gaban idon mai kallo. Yawan tsomawa shi ke ƙara duhun launin, har ya kai matsayin da marina ke kiransa baƙi, duk da cewa mai da'irar launuka zai rantse shuɗi ne mai duhu. Wani abin da kan rikita mai bincike shi ne rigar nan da ake kira kore. Ba launin ganye gare ta ba; riga ce da ta sha baba ta sha bugu har take ƙyalli. Mai nazarin harshe da ya tsaya ga ƙamus zai sami ma'anonin biyu a jere, amma ba zai ga dalilin da ya sa mai saye ba ya taɓa rikicewa ba sai ya tsaya a gaban mai sayar da riguna. A ganina irin wannan jinga ta fi lacca uku a kan ilimin ma'ana amfani, domin ɗalibin zane ya dawo da kalmomi, ɗalibin harshe kuma ya dawo da shuɗin farce.

Haka abin yake a ɗinkin hannu, wanda birnin Zariya ya yi suna a kansa, maza da mata. Kafin allura ta taɓa riga akwai mai zane, wanda ke fitar da fasalin a kan yadi da alƙalami da tawada. Siffofin nan masu tsini da ke gangarowa a gaban babbar riga ana kiran su aska, da adadinsu kuma ake sanya wa aikin suna, kamar aska biyu da aska takwas. Ga tambari, ga dagi, ga linzami a wuya. Ɗalibin zayyanar yadi kan ɗauki hoton waɗannan siffofi ya zuba a kwamfuta, ya juya su yadda ya ga dama. Ba laifi ba ne, ai abin da 'Yan Tawayen Zariya suka yi kira a kai ke nan. Amma wanda ya san sunan siffa ya san mazauninta a jikin riga da darajar mai sanya ta, saboda haka idan ya sauya mata wuri da saninsa ya yi.

4.0 Lanƙwasa a Allunan Sabon Gari

Sabon Gari ya bunƙasa ne bayan isowar layin dogo wajajen 1911, ya tara ma'aikata da 'yan kasuwa daga sassa daban-daban na ƙasar nan. Har yau a nan ɗalibin Samaru ke zuwa sayen fenti da yadi da takarda, a nan kuma yake samun masu buga fosta da bana da katin biki. Babu wurin da zayyana da harshe suka yi karo ƙiri-ƙiri kamar allunan shagunan wannan unguwa da rubutun da ke jikin motoci da Keke Napep.

Jinga mai sauƙi ita ce a ce wa ɗalibi ya bi titi guda ya kwafo duk rubutun Hausa da ya gani. Abin da zai fara lura da shi shi ne ƙarancin haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. Waɗannan haruffa sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke jagorantar aikin talifi a Zariya, kuma da su jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939 Abubakar Imam na editanta, ta saba wa masu karatu. Kamfanin Gaskiya da aka kafa a Tukur-Tukur a 1945 bai da nisa da Sabon Gari. Ke nan garin da ya raini lanƙwasa a maɗaba'a shi ne kuma ake neman ta a allunansa.

Lanƙwasa ba ado ba ce. Ita ke raba baƙi da baki, ƙafa da kafa, ɗaki da daki, ɓari da bari. Gaskiya ne mai jin Hausa yakan gane abin da ake nufi daga muhallin magana, shi ya sa mai shago bai damu ba. Amma yaron da ke koyon karatu daga allunan titi, da baƙon da ke koyon harshen, su ne ke ɗaukar kuskuren su tafi da shi.

Ɗalibin harshe yakan tsaya a nan, ya ƙirga kurakurai, ya kammala da cewa masu rubutun alluna ba su san ƙa'idojin rubutu ba. Sai an ce masa ya tsara fosta guda da kansa ya kai a buga, sannan yake gano sauran labarin. Haruffan suna da gurbinsu a tsarin Unicode da kwamfutoci ke amfani da shi, amma samfuran haruffa na ado da masu buga bana suka fi so da yawansu ba a zana musu ɓ da ɗ da ƙ ba. Idan aka rubuta su, ko dai ɗan akwati ya fito a madadinsu, ko kuma manhajar ta aro harafin daga wani samfuri dabam, sai ya tsaya a tsakiyar kalma siriri kamar bare a cikin dangi. Mai bugawa yana da kwastomomi a layi, saboda haka ya goge lanƙwasar ya wuce. Wasu kan ɗora alamar ɗauri kafin harafin ko bayansa, wasu kan zana ƙugiyar da hannu. Abin mamaki, tsohon mai rubutu da buroshi ya fi mai kwamfuta 'yanci a nan, domin babu abin da zai hana hannunsa lanƙwasa harafi in dai ya san da ita.

Daga nan tambayar ta koma ta zayyana. Yaya za a zana ƙugiyar babban Ƙ ta fito sarai daga nesa ba tare da ta yi kama da R ba? Ina za a sa ta babban Ɗ da Ɓ idan harafin mai kauri ne kuma tazarar da ke tsakaninsa da na gabansa kaɗan ce? Idan fostar za ta tsallaka zuwa Maraɗi, sai a tuna cewa a Nijar ƴ ake rubutawa inda mu muke rubuta 'y. Ɗalibin zane yana da idon auna kauri da tazara, amma sau da yawa bai san waɗanne haruffa harshen ke buƙata ba. Ɗalibin Hausa ya san haruffan, bai san yadda ake gina su ba.

5.0 Inda Gizo ke Saƙa

A jami'o'inmu da dama, zane da zayyana suna tsangaya guda, harsuna suna wata. A Samaru ma Sashen Zane da na Zayyanar Masana'antu suna Tsangayar Zayyanar Muhalli, Sashen Harsuna da Al'adun Afirka kuma yana Tsangayar Fasaha. Rabon yana da dalilinsa na gudanarwa, amma yana nufin cewa mai duba aikin zane siffa zai auna, mai duba kundin Hausa kuma bayani zai auna. An rubuta kundaye masu yawa a kan sana'o'in gargajiya, rini da gini da ɗinki da ƙira, cike da kalmomin da ke neman ɓacewa, sai dai zanen da zai nuna wa mai karatu bambancin bakan gizo da ɗaurin guga a rufin soro yakan yi ƙaranci. A ɗaya ɓangaren akwai kyawawan ayyukan yadi da tukwane da aka aro siffofinsu daga bangon gidajen birni, aka rataya su da take na Turanci kawai.

Akwai kuma batun haƙƙi, wanda ba a cika tattaunawa ba. Ɗalibi ya shafe makonni a gindin marini ko magini ko mai zanen riga, ya kwashi ilimin da mutumin ya gada kaka da kakanni, ya sami makinsa. Sunan mai sana'ar kan ƙare a jerin waɗanda aka yi hira da su a shafin ƙarshe, in ma ya samu shiga. Masu wasan kwaikwayo na Samaru sun riga sauran a wannan fanni, domin tsarin aikinsu ya tilasta musu mayar da wasan gaban mutanen da aka samo labarin daga wurinsu, su kalla su yi gyara. Kundin da aka rubuta da Hausa a kan rini ana iya karanta wa marinin da aka yi hira da shi babi guda a bakin karofinsa kafin a kai wa mai jarrabawa, kuma shi ne zai fara cewa wannan ba katsi ba ne, toka ce.