Me Ke Kayar da Tunkiya Har Ta Kasa Tashi?

Masu kiwo a Yankwashi da Karkarna sukan tambaya: don me tunkiya lafiyayya takan faɗi rigingine ta kasa tashi? Amsar tana cikin tumbinta. Ciyawar da ke narkewa a can kullum tana haifar da iska, gyatsa ce ke fitar da ita. Idan tunkiya ta birkice cikin kwari, musamman mai tsohon ciki, sai gyatsa ta tsaya, tumbi ya kumbura ya danne huhu. Da zafin bazara, sa'o'i kaɗan sun isa ta halaka. Ragon layya da aka ɗura wa dawa farat ɗaya shi ma yakan faɗi, amma nasa ciwon tsamin tumbi ne, sai malamin dabbobi. Ita kuwa, a mirgino ta, a tallafe ta tsaye har jini ya komo ƙafafunta, gama in aka sake ta nan take, faɗuwa za ta kuma yi.