Kalmar Alkawari da Zuriyar Annabi Ibrahim a Mahangar Musulunci da Kiristanci

1.0 Gabatarwa

A garuruwa irin su Jos da Kaduna da Yola, Hausa ce harshen tafsiri a masallaci, ita ce kuma harshen wa'azi a majami'u da dama. Malami da fasto duk sukan ambaci Ibrahim da Isma'ila da Ishaku, duk kuma sukan ce Allah ya yi wa Ibrahim alkawari game da zuriyarsa. Wanda ya saurari ɓangarorin biyu sai ya ɗauka abu guda ake nufi, ko kuwa ya ɗauka duk saɓanin bai wuce na sunan ɗan da aka zaɓa ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa kalmar alkawari a Hausa tana ɗauke da nauyin kalmomi huɗu na harsuna uku, kuma rashin bambance su yakan ɓoye wa mai nazari inda addinan biyu suka haɗu da inda suka rabu.

2.0 Kalmar da Takwarorinta

Asalin kalmar alkawari daga Larabci ne, wato al-ƙawl, ma'ana magana ko zance, shi ya sa a wasu kare-karen harshe ake jin alkawali. Ga Bahaushe alkawari magana ce da mutum ya furta ta zame masa bashi. Ana ɗaukarsa, ana cika shi, ana saɓa shi, domin haka ne ake cewa alkawari kaya ne.

Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, wannan kalma aka ɗora wa berit ta Ibrananci da diyateke ta Girkanci, har aka kira sassan littafin biyu Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari. Berit yarjejeniya ce da ake ƙullawa da rantsuwa da yanka, har ma a Ibrananci yanka berit ake yi, ba ɗaukarta ba. Diyateke kuwa a Girkancin yau da kullum tana nufin wasiyyar da mutum yake bari kan dukiyarsa. A ɗaya ɓangaren, masu tafsiri da masu fassara, har da Abubakar Mahmud Gumi a fassararsa ta Alƙur'ani ta 1979, da alkawari suke fassara ahd da misaƙ. Ahd ya ƙunshi ɗora wa wani nauyi ko amana, misaƙ kuwa alkawari ne da aka ƙarfafa aka ɗaure. Ke nan yarjejeniya da wasiyya da amana da rantsuwa duk sun taru a kalmar Hausa guda.

3.0 Mahangar Kiristanci

3.1 Littafin Farawa

Labarin yana cikin littafin Farawa daga sura ta 12. A can aka kira Ibrahim ya bar ƙasarsa, aka yi masa alkawarin abu uku: ƙasa, da zuriya mai yawa, da albarkar da za ta kai ga dukan al'umman duniya ta hanyarsa. A sura ta 15 an tsaga dabbobi gida biyu, sai harshen wuta ya ratsa tsakaninsu alhali barci mai nauyi ya ɗauke Ibrahim. Malaman Kirista sun fahimci cewa wannan yana nuna Allah kaɗai ne ya ɗauki nauyin cikawa.

A sura ta 17 ne zancen zuriya ya fito fili. Ibrahim yana da shekara 99, Isma'ila yana da 13, aka sanya kaciya ta zama alamar alkawari, ana yi wa kowane ɗa namiji a rana ta 8. An yi wa Isma'ila kaciya rana guda da mahaifinsa, an kuma yi masa albarkar zama babbar al'umma mai sarakuna 12. Sai dai nassin ya keɓe berit ɗin ga Ishaku, wanda Saratu ta haifa sa'ad da Ibrahim ya cika shekara 100. A nan an bambance albarka da alkawari: ta farko ta game 'ya'yan biyu, na biyu ya bi ta Ishaku zuwa Yakubu da 'ya'yansa.

3.2 Fahimtar Sabon Alkawari

Bisharar Matiyu ta buɗe da salsalar Yesu tun daga Ibrahim, ta bi ta Ishaku da Yakubu da Yahuza da Dawuda, an tsara ta kashi 3, kowane kashi tsara 14. Luka kuma a sura ta 3 ya mayar da salsalar har zuwa Adamu. Manufa ita ce a nuna Yesu ne magajin alkawarin.

Manzo Bulus ya gina hujjarsa kan nahawu. A Galatiyawa 3:16 ya lura cewa kalmar da aka fassara da zuriya tilo ce, ba jam'i ba, don haka ya ce mutum ɗaya take nufi, wato Almasihu, kuma duk wanda ya ba da gaskiya gare shi ya zama zuriyar Ibrahim. A cikin surar ya yi amfani da ma'anar wasiyya da ke cikin diyateke: tun da wasiyyar da aka tabbatar ba a soke ta, Shari'ar Musa da ta zo bayan shekara 430 ba za ta soke alkawarin Ibrahim ba. Mai karatu da Hausa ba zai ga wannan azanci ba, domin alkawari ba ya nufin wasiyya a harshensa. A Romawa sura ta 4 kuma ya kafa hujja da jerin lokaci, cewa an lasafta wa Ibrahim adalci a sura ta 15, tun kafin kaciyar sura ta 17. A Galatiyawa sura ta 4 ya mayar da Hajaratu da Saratu misali na alkawura biyu, na Shari'a da na 'yanci. Abin lura shi ne, da masu tilasta kaciya a cikin ikilisiya yake jayayya, kimanin shekara 550 kafin bayyanar Musulunci.

4.0 Mahangar Musulunci

Aya ta 124 ta Suratul Baƙara ita ce ginshiƙi. Bayan an jarrabi Annabi Ibrahim (AS) ya cika abin da aka umarce shi, Allah ya naɗa shi shugaba ga mutane. Da ya roƙa wa zuriyarsa irin wannan matsayi, sai aka amsa masa cewa ahd ɗin Allah ba zai samu azzalumai ba. Masu tafsiri sun fassara ahd a nan da annabci ko shugabancin addini. Ayar ba ta ambaci sunan wani ɗa ba, sharaɗi ta gindaya.

Ayoyin da suka biyo baya sun haɗa Annabi Ibrahim da Annabi Isma'ila (AS) wajen tsarkake Ɗakin Ka'aba da ɗaukaka harsashinsa, tare da addu'ar a aiko wa zuriyarsu manzo daga cikinsu. Musulmi sun ɗauki Annabi Muhammadu (SAW) a matsayin amsar wannan addu'a. Sirar Ibn Ishaƙ, wadda Ibn Hisham da ya rasu wajen 833 ya tace, ta kai nasabarsa ga Adnan, daga nan zuwa Isma'ila. Malaman nasaba sun yi ittifaƙi a kan sunayen da ke tsakaninsa da Adnan, sun saɓa a kan na gaba da shi. Danganta Larabawa da Isma'ila kuwa ya girmi Musulunci, domin Josifus, masanin tarihin Yahudawa na ƙarni na 1, ya ambace shi.

Duk da haka Alƙur'ani bai fitar da Ishaku daga gadon ba. Suratul Ankabut aya ta 27 ta ambaci Ishaku da Yakubu, ta kuma sanya annabci da littafi cikin zuriyar Ibrahim. Baƙara aya ta 136 ta hana a bambanta tsakanin annabawa wajen imani. Saboda haka a Musulunci reshe biyu ne masu annabci: na Ishaku, wanda ya ƙare da Annabi Isa (AS), da na Isma'ila, wanda aka rufe annabci da shi kamar yadda Ahzab aya ta 40 ta nuna.

Misaƙ kuwa ya wuce iyakar gida ɗaya. A Ali Imrana aya ta 81 daga dukan annabawa aka riƙi alkawarin gaskata manzon da zai zo da taimakonsa, a A'araf aya ta 172 kuma daga dukan 'yan Adam aka riƙi shaidar cewa Allah ne Ubangijinsu. Haka nan kaciya ba ta da matsayin alamar alkawari. Alƙur'ani bai ambace ta ba, a hadisi ta zo cikin al'amuran fiɗira, mazhabar Malikiyya ta ɗauke ta sunna mai ƙarfi, Shafi'iyya ta ce wajibi ce.

5.0 Ɗan da Aka Yi Umarnin Yankawa

Nan ne muhawara ta fi zafi a bakin jama'a. Farawa sura ta 22 ta ambaci Ishaku da suna, ta kuma kira shi tilon ɗa. Malaman Musulunci sun ce wannan siffa ba ta dace da kowa ba sai Isma'ila, wanda ya shekara 14 shi kaɗai kafin a haifi ƙanensa. Malaman Kirista sun amsa cewa siffar tana nufin ɗan alkawari, kuma an riga an sallami Isma'ila a sura ta 21.

Suratus Saffat, daga aya ta 99 zuwa ta 113, ta kawo labarin ba tare da sunan yaron ba. Wannan ya sa magabata suka saɓa. Ɗabari, wanda ya rasu a 923, ya rinjayar da Ishaku. Ibn Taimiyya da ɗalibinsa Ibn Kasir, wanda ya rasu a 1373, sun tsaya a kan Isma'ila, kuma ra'ayinsu ne ya game Musulmi a yau. Hujjarsu ita ce bushara da Ishaku ta zo bayan labarin yankan, kuma a Suratu Hud aya ta 71 an yi bushara da Ishaku tare da Yakubu a bayansa, don haka ba za a yi umarnin yanka yaron da aka riga aka faɗi zai haihu ba. Zaɓin da Ɗabari ya yi bai taɓa imaninsa da annabcin Muhammadu (SAW) ba, wanda yake nuna cewa gadon annabci a Musulunci bai rataya ga sunan abin yankan ba.

6.0 Haɗuwa da Rabuwa

Bahaushe ya ce kyan ɗa ya gaji ubansa, amma littattafan biyu sun ƙi yarda cewa haihuwa kaɗai tana gadar da matsayi a wurin Allah. Yahaya Mai Baftisma, a Matiyu 3:9, ya gargaɗi masu taƙama da Ibrahim cewa Allah yana da ikon tayar masa da 'ya'ya daga duwatsu, Bulus kuma a Romawa sura ta 9 ya ce ba duk zuriyar jini ce zuriyar alkawari ba. Ali Imrana aya ta 68 ta ce mafi cancantar mutane ga Ibrahim su ne waɗanda suka bi shi, Hud aya ta 46 kuma ta cire ɗan Annabi Nuhu (AS) daga iyalinsa saboda aikinsa. A 1964 Majalisar Vatican ta Biyu ta ambaci Musulmi a matsayin masu iƙirarin riƙo da bangaskiyar Ibrahim.

Rabuwar tana wuri uku. Na farko, a Kiristanci alkawarin hanya ce guda da ta bi ta Ishaku, a Musulunci kuwa amana ce da ta sauka kan rassa biyu. Na biyu, Kirista yana ganin cikarsa a mutuwar Yesu da tashinsa, Musulmi kuwa yana ganin ta a aiko Manzon ƙarshe. Kan haka ne suka saɓa wajen karanta Maimaitawar Shari'a 18:18, inda aka yi zancen annabi kamar Musa daga cikin 'yan'uwan Isra'ilawa: Ayyukan Manzanni 3:22 ta ɗora shi kan Yesu, malaman Musulunci suka ce 'yan'uwan su ne zuriyar Isma'ila. Na uku, Bulus ya fi ƙarfafa kyautar da Allah ya ɗaukar wa kansa, Alƙur'ani kuwa ya fi ƙarfafa nauyin da aka ɗora wa bawa.

7.0 Kammalawa

An ga yadda berit da diyateke da ahd da misaƙ suka zama alkawari a Hausa, da yadda hakan ya shafe ma'anar wasiyya da Bulus ya dogara gare ta, ya kuma raunana ma'anar amana da ke cikin ahd. Ya kamata masu tsara ƙamus su rarrabe waɗannan ma'anoni a ƙarƙashin kalmar, masu fassara kuma su nemi taimakon yarjejeniya da wasiyya da amana inda nassi ya buƙata. Malamin da yake koyar da aji mai haɗe da Musulmi da Kirista zai rage gardama marar tushe in ya fara tambayar ɗalibansa wane alkawari kowannensu yake nufi.