Shirin Tafiya Hutu Zuwa Gashaka Da Mambila

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, Suratul Gashiya ta ja hankalinmu zuwa duban raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa. To wanda ya samu hutu da ɗan abin hannu, ya yi niyyar zuwa ganin manyan duwatsun ƙasarmu, ya kwana a tanti, ya kama kifi a kogi, ba laifi ya yi ba. Amma fa tafiyar dutse ba a yi mata "mu je mu gani". In babu shiri, kuɗi su ƙare, jiki ya sha wuya, salla kuma ta tozarta.

Wurin da za mu yi misali da shi yana Jihar Taraba. Hanya takan tashi daga Jalingo ta bi Bali ta isa Serti, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka-Gumti take. An kafa gandun a 1991, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, shi ne mafi girma a Nijeriya. Daga Serti in ka wuce Mayo Selbe sai mota ta fara hawa, kwana bayan kwana, har ka fito kan tsaunin Mambila, ka bi Nguroje ka isa Gembu. Abin da za ka riƙe shi ne: kifi yana ƙasa, kallo yana sama. Koguna irin su Mayo Kam suna kwari mai zafi da sauro da tsando, Mambila kuwa tudu ne mai tsawon wajen mita 1,600, mai sanyi da hazo. Ka ga ke nan tafiya biyu ce a cikin ɗaya, kowace da kayanta.

Na farko, lokaci. Damina a can tana da tsawo, koguna su cika su gurɓace, hanyoyin daji su lalace. Saboda haka ka nufi tsakanin Disamba da Maris, sa'ad da ruwa ya ja baya ya yi garau. Kafin ka tashi ka tuntuɓi hukumar gandun game da izinin shiga, da kuɗinsa, da ɗan jagora, ka kuma tambayi direbobin hanya halin tsaro. Kada ku yi tafiyar dare. In kun kai mutum uku ku naɗa amiri, kamar yadda sunna ta koyar, ɗalibi kuma ya nemi yardar iyaye.

Na biyu, rabon kwanaki. In mako guda gare ka, ware kwana biyu na zuwa da dawowa, uku a kwari, biyu a kan tudu. Fara da kwari tun da sauran ƙarfi, ka ƙare da tudu don jiki ya huta. Wannan rabo yana da alaƙa da salla. A mazhabar Malikiyya ana ƙasaru a tafiyar mil 48, wato wajen kilomita 80, amma wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya sai ya cika. To mai kwana uku nan, biyu can, yana nan a matsayin matafiyi: Azahar da La'asar da Isha'i raka'a bibbiyu. Alƙibla daga can gabas ce mai karkata sosai zuwa arewa, sai ku tabbatar da ita tun da rana kafin hazo ya rufe.

Na uku, fatsa. Irin wadda masu yawon buɗe ido ke yi a waɗannan koguna ta bambanta da tamu ta tana da dalma. Su ƙugiya suke yi wa ado da gashin tsuntsu da zare, ta yi kama da ƙwaro ko ɗan ƙaramin kifi. Tun da ba ta da nauyi, igiyar ce ake yi mai kauri. Mai fatsa ya riƙa kaɗa sanda gaba da baya har igiya ta miƙe, sannan ya sake ta ta sauka kan ruwa a hankali. Ana samun giwan ruwa da tsage. Tsage haƙoransa kamar reza suke, dole a sa 'yar waya tsakanin ƙugiya da igiya, kada kuma ka kai yatsa bakinsa. Koyi kaɗa sandar a fili tun a gida. Kuma kada ka sa ƙafa a ruwan da jagora bai nuna maka ba, don akwai kada da dorina.

A nan akwai hukuncin da ya kamata ɗalibi ya sani. Kifi halal ne, ba ya bukatar yanka. Sai dai Risala ta Ibn Abi Zaidin ta bayyana cewa farauta don wasa kawai makaruhi ce. Saboda haka ka gyara niyya, ka kama abin da za ku ci, ka tsaya. Tambayi hukuma tun farko ko an yarda a ci abin da aka kama. In doka ta ce a mayar, bi doka: danne ƙayar ƙugiya, jiƙa hannu, ka saki kifin da sauri ba tare da azabtarwa ba. Zuba guba a ruwa kuwa ɓarna ce a bayan ƙasa.

Na huɗu, zango. Kafa tanti a kan tudu nesa da bakin ruwa, kafin magariba. Guzuri ya zama mara lalacewa: garin rogo, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, shinkafa, gishiri. Haɗa da tocila, ashana, buta, gidan sauro, maganin zazzaɓi da takalmi mai rufe ƙafa. A tafasa ruwan sha. Manzon Allah (S.A.W.) ya hana biyan bukata a mashaya da kan hanya da inuwar da ake hutawa, ya kuma yi umarni a kashe wuta in za a kwanta. A rani ciyawa ta bushe, garwashi ɗaya ya isa ya cinye daji.

Na biyar, kallo. A kwari akwai gwaggon biri da birai iri-iri da tsuntsaye, sai dai mai surutu ba ya ganin komai. A Mambila za ka ga tuddai shimfiɗe da ciyawa, da garkunan shanu, da gonar shayi ta Kakara, da kurmin Ngel Nyaki. Can bargo da rigar sanyi wajibi ne. A ɗumama ruwan alwalar asuba, don ƙyuyar sanyi kawai ba ta halatta taimama, sai in ana tsoron ciwo. Chappal Waddi, dutse mafi tsawo a Nijeriya, mai mita 2,419, hawansa tafiyar kwanaki ce a ƙasa, ka bar shi sai wani zuwan. Ka yi wa mutanen ƙauye sallama, ka nemi izini kafin ɗaukar hoto.

Ɗauki littafi da alƙalami ka rubuta abin da ka gani, ka kawo wa ƙannenka na aji. Allah Ya kai mu lafiya Ya dawo da mu lafiya, amin.